Koma-bayan Makarantun Gwamnati a Ƙasar Katagum da Ƙoƙarin Gyara

Yaron da ke makarantar gwamnati a ƙasar Katagum yana hannun matakan mulki uku a lokaci guda. Firamarensa tana ƙarƙashin sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda shi ma yake karɓar umarni daga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Bauchi, wato SUBEB. Babbar sakandarensa ta Ma'aikatar Ilimi ta jiha ce. Manhajar da ake koya masa da wani kaso na kuɗin gina ajinsa daga tarayya suke zuwa, jarrabawar da za ta yanke masa hukunci bayan shekara goma sha biyu kuma, WAEC ce ko NECO ko JAMB, ba a jihar ake shirya ta ba. Wannan rabon aiki ne ya sa duk lokacin da sakamako ya lalace kowa ke da wanda zai nuna wa yatsa. Malamin sakandare ya ce firamare ce ta turo masa yaran da ba su iya karatu ba, hedimasta ya ce ba a ba shi malamai ba, ƙaramar hukuma ta ce kuɗinta yana hannun jiha.

Yankin da ake magana a kai shi ne arewacin Jihar Bauchi, mai ƙananan hukumomi bakwai: Katagum, Zaki, Gamawa, Itas/Gadau, Shira, Giade da Jama'are. Azare ce cibiyarsa tun 1916, lokacin da aka maido da fadar Sarkin Katagum daga tsohon garin Katagum, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Zaki. Ƙasa ce da ta fitar da manyan 'yan boko. Daga nan Alhaji Sule Katagum ya fito, wanda ya daɗe yana shugabantar hukumar kula da ma'aikatan gwamnatin tarayya, da Alhaji Aminu Saleh, tsohon Sakataren Gwamnatin Tarayya, da Malam Adamu Adamu, Ministan Ilimi daga 2015 zuwa 2023. Manyan makarantu ma ba a bar yankin a baya ba. Akwai Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare, wadda asalinta ke komawa 1977, akwai jami'ar jiha a Gadau, wadda yanzu ake kira Jami'ar Sa'adu Zungur, akwai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Azare, sannan a 2021 aka kafa Jami'ar Tarayya ta Kimiyyar Lafiya a garin. Abin da ke damun iyaye da malamai shi ne ko yaron da ya tashi a firamaren ƙauye a Gamawa ko Shira zai iya cin gurbi a waɗannan makarantu da ke ƙofar gidansu.

Ma'aunin da kowa ya sani shi ne kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a jarrabawar kammala sakandare. Da shi aka saba shiga jami'a, da shi kuma jaridu ke jera jihohi daga ta ɗaya zuwa ta ƙarshe. A irin wannan jeri jihohin Kudu maso Gabas kamar Abiya da Anambra sun saba zama a sama, jihohin Arewa maso Gabas kuwa, har da Bauchi, a kashin ƙasa. Tazarar tana bayyana tun kafin sakandare. A jerin makin shiga kwalejojin gwamnatin tarayya na 2013, wanda ya jawo ce-ce-ku-ce a faɗin ƙasa, an nemi ɗan Anambra ya ci maki 139 cikin 200, ɗan Bauchi kuwa 35. An yi haka ne don kada a rufe wa wasu jihohi ƙofa, amma makin da kansa shaida ne a kan abin da yaron aji shida ya fito da shi daga firamare.

Sai dai alƙaluman WAEC ba abin da za a rungume ido rufe ba ne. A ƙasa baki ɗaya, waɗanda suka sami kiredit biyar ɗin sun kai kashi 31.28 cikin ɗari a 2014, suka haura zuwa 64.18 a 2019, suka kai 81.7 a 2021, suka sauko zuwa 72.12 a 2024. A 2025 hukumar ta fara sanar da kashi 38.32, bayan 'yan kwanaki ta gano kuskure a wajen makin wasu takardu ta gyara zuwa 62.96. Babu makarantar da koyarwarta ke sauyawa da irin wannan sauri daga shekara zuwa shekara. Abin da ke hawa da sauka haka ya haɗa da tsananin sa-ido a ɗakin jarrabawa, da salon tambayoyi, da yawan satar amsa. Inda aka bar malamai suna rubuta amsa a allo, ko iyaye suka tara kuɗi don a kau da kai, sakamako zai yi kyau a takarda. Ranar da aka tsananta sai ya faɗi warwas, jama'a su ce karatu ya lalace bana, alhali abin da ya faru shi ne an daina ɓoye lalacewar. Jarrabawar JAMB, wadda ake yi a kwamfuta, takan tona wannan asiri: a 2024 kusan kashi 76 cikin ɗari na masu jarrabawar ba su kai maki 200 cikin 400 ba.

Akwai wata naƙasa ta biyu a wannan ma'auni. Yana auna waɗanda suka kai aji na ƙarshe ne kawai. Yarinyar da aka cire daga aji biyar, da yaron da ya bar ƙaramar sakandare ya kama acaba ko ya tafi ci-rani, da wanda bai taɓa shiga ba sam, duk ba sa cikin lissafi. Ta uku kuma, hukumomin jarrabawa kan sanar da jimillar ƙasa ne, wani lokaci ta jihohi. Ba a saba buga wa iyaye sakamakon ƙaramar hukuma ɗaya ɗaya ko makaranta ɗaya ɗaya ba, ta yadda mutumin Giade zai iya kwatanta makarantar garinsu da ta Madara ko ta Chinade ya tambayi dalilin bambanci. Makarantar da ke ƙoƙari ba ta samun yabo, wadda ta yi sake ba ta jin kunya.

Ma'aunin da ya fi nuna ainihin ciwon yana can ƙasa, a aji biyu da aji uku na firamare. A 2011 da 2013, ƙarƙashin wani shirin ilimi da hukumar USAID ta Amurka ta ɗauki nauyinsa a jihohin Bauchi da Sakkwato, an gwada karatun Hausa na yaran ƙananan ajujuwa. Gwajin ba shi da wuya. Mai gwadawa zai zauna da yaro shi kaɗai, ya miƙa masa takarda mai baƙaƙe da wasula ya ce ya faɗi sautinsu, sannan gaɓoɓi, sannan ɗan gajeren labari da Hausa, ana duba agogo na minti ɗaya, a ƙarshe a yi masa tambayoyi kan abin da ya karanta. Mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba, a harshen da suke magana da shi a gida da kasuwa. Binciken MICS na 2021, wanda Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF, ya nuna cewa a Nijeriya baki ɗaya kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kawai na yara masu shekara 7 zuwa 14 ke da ƙwarewar karatu ta matakin farko. Matsalar ba ta Nijeriya kaɗai ba ce, domin ƙiyasin Bankin Duniya na 2022 ya ce kusan yara tara cikin goma a Afirka kudu da Sahara kan kai shekara goma ba su iya karanta gajeren rubutu su fahimta ba. Amma a nan ne faɗuwar da ake gani a aji ukun babbar sakandare take farawa, shekara tara ko goma kafin ranar jarrabawa.

Yadda hakan ke faruwa a cikin aji abu ne da duk wanda ya taɓa leƙa firamaren gwamnati zai gane. Yara sun cika ɗaki, wasu a kan benci, mafi yawa a ƙasa. Malama ta rubuta jimla a allo, ta nuna ta da sanda ta karanta, aji duka ya amsa da murya ɗaya. Ta maimaita, su maimaita. Daga waje sai a ji kamar karatu ya kankama. Da za a kira yaro ɗaya daga layin baya a nuna masa kalma ta uku a jimlar a ce ya karanta ta ita kaɗai, sai ya koma farkon jimlar ya rero ta duka, don sautin ya haddace, bai san wace kalma ce wacce ba. Ya kwafi rubutun a littafinsa kamar mai zana hoto. Ƙarshen shekara ya wuce aji na gaba tare da sa'o'insa, domin ba a cika maimaita wa yaro aji ba. A aji huɗu darussa sun koma Turanci, manhaja ta ɗauka ya iya karatu, daga nan kuma babu wani darasi a jadawali da aka ware don koya masa abin da ya tsere masa.

Abin lura shi ne, wannan yaron da yamma ko da asuba yana zuwa makarantar allo, inda ƙa'idar ta sha bamban. A can kowa da allonsa da inda ya tsaya. Almajiri ba ya wanke allo sai ya biya wa malam abin da ke kai ya gamsu, ba a yi masa ƙari don kawai abokinsa ya wuce. Yara talatin na iya zama a zaure ɗaya, kowanne a matakinsa. Tsangaya tana da nata matsalolin, waɗanda ba a nan za a tattauna su ba, amma wannan ƙa'ida ta cewa ba a wucewa sai an iya, iyayen yankin sun san ta, sun kuma yarda da ita. Makarantar boko ce ta sake ta.

Batun harshe ya ƙara dagula lamarin. Har zuwa ƙarshen 2025, manufar ilimi ta ƙasa ta kasance tana cewa a koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi yawa a muhallinsa a shekaru uku na farko, Turanci ya zama darasi, daga aji huɗu a juya. A ƙasar Katagum wannan harshe Hausa ce, duk da cewa akwai gidajen da Fulatanci ko Barbarci ko Karekare ne harshen farko. Rubutun Hausa na boko yana bin furuci sosai, don haka yaron da ya san sautin baƙaƙe da wasula zai iya haɗa ba da ki ya karanta baki cikin ɗan lokaci, kuma wannan ƙwarewa ce zai ɗauka ya shiga Turanci da ita. Amma iyaye da yawa suna auna makaranta da yadda yaro ke gaishe su da Turanci, makarantun kuɗi ma da wannan suke tallata kansu. Sai malamin gwamnati ya tsaya a tsakiya: littafin da ke hannunsa na Turanci, bayaninsa da Hausa, yaro kuma bai ƙware a karanta ko ɗaya ba. A ƙarshen 2022, a zamanin Adamu Adamu, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da manufar koyarwa da harshen uwa har aji shida. Amincewa da manufa a Abuja ba ta kai littafi ko horarren malami ƙauye ba.

Dattawa kan ce a da wanda ya gama aji bakwai yakan rubuta wasiƙa ya riƙe aikin akawu, yanzu kuwa mai takardar sakandare ba ya iya cika fom. Akwai gaskiya a maganar, sai dai tana buƙatar ƙarin bayani. Makarantun da suke tunawa kaɗan ne, yaran ciki zaɓaɓɓu ne, malamansu kuma an horar da su shekara da shekaru a kwalejojin horon malamai na kwana. A 1976, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Bauchi, gwamnatin soja ta ƙaddamar da shirin UPE na firamare kyauta ga kowa. Yara suka kwararo fiye da yadda aka ƙiyasta, aka ɗauki malamai cikin gaggawa da gajeren horo. Tattalin arziki ya karye a shekarun 1980, albashi ya riƙa makalewa, ƙwararru suka bar aji. An sake ɗaura ɗamara da shirin UBE a 1999 da dokarsa ta 2004, wadda ta wajabta karatun shekara tara kyauta. Duk wannan lokaci yawan jama'a na ƙaruwa. Ƙidayar 2006 ta ba Jihar Bauchi mutum miliyan 4.65, kuma ta ƙaru sosai tun daga nan. Buɗe ƙofa ga kowa daidai ne, babu mai neman a koma zamanin 'yan kaɗan. Abin da ya gaza shi ne samar da malamai masu inganci daidai da yawan yaran da aka shigar.

A kan malami maganar ta fi nauyi. Bayan an daina ba da shaidar malanta mai daraja ta biyu, NCE ta zama mafi ƙarancin takardar koyarwa. Daga 2022 zuwa 2025 mafi ƙarancin makin JAMB na shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400, na jami'a kuwa 140 ko sama. Ma'anar wannan a aikace ita ce, sau da yawa wanda bai sami likitanci ko lauya ko injiniya ba shi ke komawa malanta, kuma wasu daga cikinsu sun fito ne daga irin ajin da aka bayyana a sama. Akwai haziƙai da suka zaɓi koyarwa don suna son ta, kuma su ne ke riƙe da makarantu da dama a yau. Amma tsarin bai dogara da su ba, bai kuma saka musu ba. Ga ƙaramin albashi, ga ƙarin girma da kan tsaya a takarda ba tare da kuɗinsa ya biyo baya ba. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, malamin da ke zaune a Azare yana koyarwa a ƙauye mai nisa yakan ga kuɗin man babur ya cinye kaso mai yawa na albashinsa, sai zuwa kullum ya koma zuwa wasu ranaku.

Rabon malamai ma ba daidai yake ba. Kowa na neman a bar shi cikin gari, wanda ke da uwa a gindin murhu kuma yakan samu. Sakamakon haka sai a tarar da makarantar cikin gari mai malamai fiye da ajujuwanta, makarantar ƙauye kuwa hedimasta da mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da aji shida. A babbar sakandare giɓin ya fi fitowa a Lissafi, Turanci, Fizik da Kemistare, darussan da kiredit biyar da gurbin kimiyyar lafiya suka rataya a kansu. Dokar 2022 da ta ɗaga shekarun ritayar malamai zuwa 65 na haihuwa ko 40 na aiki tana iya riƙe tsofaffin hannu na ɗan lokaci inda aka aiwatar da ita, amma ba ta maye gurbin ɗaukar sababbi bisa cancanta.

Jihar Kaduna ta gwada hanya mai tsauri a 2017, inda ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, fiye da 21,000 suka kasa, aka sallame su aka ɗauki wasu. Matakin ya nuna girman matsalar, ya kuma nuna iyakar kora, domin sababbin ma daga kwalejoji da sakandaren da suka yaye na farko suka fito. Darasin da ya shafi Katagum shi ne cewa gwajin malami ya fi amfani a ƙofar shiga aiki, wanda ke ciki kuma a gwada shi don a san horon da yake buƙata.

Sai lokacin karatu, wanda ke zubewa ta kafofi da yawa. Da damina yaran ƙauye suna gona wajen noman gero da dawa da gyaɗa, da kaka suna girbi da roron wake, ranar kasuwa 'yan mata suna talla. Annobar korona ta rufe makarantu watanni a 2020. Ambaliya takan mamaye garuruwan da ke bakin kogi a Zaki da Gamawa da Jama'are, kuma idan gidaje suka rushe makaranta ce wurin da ake fara tsugunar da mutane. A watan Agustan 2024 ruwa ya yanke babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a cikin ƙaramar hukumar Katagum. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da dalilinsa, amma idan aka tara su sai a ga shekarar karatu ta yaron ƙauye ta gaza ta ɗan makarantar kuɗi na cikin Azare nesa ba kusa ba, alhali takarda ɗaya za su zauna wa.

Ƙoƙarin gyara ya zo ta fuskoki da dama, kuma ba ƙarfinsu ɗaya ba. Wanda ya fi cin kuɗi da jan hankali shi ne shigar da yaran da ba sa zuwa makaranta, domin Bauchi ta daɗe cikin jihohin da suka fi yawan irin waɗannan yara. Shirin BESDA, wanda Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 611 dominsa a 2017, ya shafi jihohi 17 har da Bauchi, yana biyan jiha gwargwadon sakamakon da ta nuna, ciki har da yawan yaran da ta shigar. Shirin ilimin 'ya'ya mata na GEP3, wanda UNICEF ta gudanar da kuɗin gwamnatin Birtaniya daga 2012 zuwa 2022, ya yi aiki a Bauchi wajen shigar da 'yan mata da ƙarfafa malamai mata. Daga baya jihar ta shiga shirin AGILE na 'yan mata masu tasowa, mai gyara da gina sakandare. Ciyar da 'yan firamare da tarayya ta fara a 2016 shi ma ya jawo yara aji a lokutan da abincin ke zuwa. Duk waɗannan alheri ne. Sai dai yaron da aka kawo aji mai mutum ɗari da malami ɗaya, rajista ce ta ƙaru, karatu bai ƙaru ba, kuma uban da ya ga ɗansa ya shekara huɗu bai iya rubuta sunansa ba yana da hujjar mai da shi gona.

Gine-gine su ne fuska ta biyu. Dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, wato UBEC, kuma jiha ba ta karɓar babban kasonta sai ta ajiye kwatankwacinsa. Kaso mafi tsoka na wannan kuɗi a ajujuwa da kujeru da banɗaki da rijiyar burtsatse yake tafiya. Ana buƙatar su, musamman banɗaki da katanga, waɗanda rashinsu kan hana 'yan mata da suka fara girma zama a makaranta. Amma gini shi ne abin da ɗan siyasa ya fi so, don ana ganinsa ana kuma buɗe shi da biki, yayin da horon malami da littafin aji ɗaya ba su da ranar yanke ƙyalle.

Aikin da ya dumfari tushen matsalar kai tsaye shi ne Mu Karanta!, jerin littattafan koyon karatun Hausa na aji ɗaya zuwa uku da aka samar a Bauchi da Sakkwato ƙarƙashin kashi na biyu na shirin USAID, wanda ya fara a 2015. Kowane yaro da littafinsa, malami da jagoransa mai darasin kowace rana a tsare: sautin yau, gaɓar da za a haɗa, kalmomin da za a karanta, labarin da za a saurara, da tambayoyin fahimta. Malami ya yi, ya yi tare da yara, sannan yaro ya yi shi kaɗai. An kuma horar da jami'an da ke zagaya makarantu su zauna a bayan aji su ga darasi, su tattauna da malami bayan an tashi, maimakon su sa hannu a littafin baƙi su wuce. Gwaje-gwajen da suka biyo baya sun nuna raguwar yaran da ba sa iya karanta komai, ko da yake waɗanda suka rage suna da yawa. Raunin irin wannan shiri shi ne dogaro da kuɗin waje. Littafi yakan yage cikin shekara biyu ko uku, malamin da aka horar a yi masa canjin wurin aiki ko ya yi ritaya, jami'in zagaye ya rasa kuɗin mai. A 2025 gwamnatin Amurka ta rufe hukumar USAID ɗungurungum. Littattafan da dabarun suna nan a hannun SUBEB da kwalejojin ilimi; abin da ya rage shi ne a sa sake buga su da horon malamai a kasafin kowace shekara, kuma kwalejin Azare, wadda ke yaye malaman yankin, ita ce wurin da ya fi dacewa kowane ɗalibin malanta ya ƙware a wannan hanya kafin ya fita.

Gwamnatin jiha ta ɗauki nata matakan a saman tsani. A zamanin da Dakta Aliyu Tilde yake kwamishinan ilimi, daga 2019 zuwa 2022, ma'aikatar ta matsa lamba kan satar jarrabawa da zuwan malamai aiki. Jihar ta kuma bi tsarin jarrabawar gwaji, irin wanda Kano ke yi, inda gwamnati ke biya wa ɗalibin da ya ci gwajin kuɗin jarrabawar fita. An kuma bi ta kan kwalejojin ilimi masu zaman kansu da ba su cika sharuɗɗa ba, waɗanda ke raba takardar NCE ba tare da horo na kirki ba. Jarrabawar gwaji tana da amfani, domin tana sa ɗalibi ya dage, tana kuma ba ma'aikata hoton gaskiya kafin WAEC ko NECO. Haɗarinta shi ne tana iya ƙawata alƙaluman jiha ta hanyar tace masu rauni kawai. Ɗan talakan da ya faɗi gwaji, iyayensa kuma ba su da kuɗin rajista, ya fita daga lissafi ba tare da an koya masa komai ba. Gwajin zai fi amfani idan aka yi shi da wuri, aka kuma bi shi da darussan cike giɓi.

Irin wannan cike giɓi yana da tsari da aka gwada. Ƙungiyar Pratham ta Indiya ta ɓullo da hanyar koyar da yaro daidai matakinsa, inda ake gwada yaran aji uku zuwa shida ɗaya bayan ɗaya, a raba su rukuni rukuni bisa abin da suka iya ba bisa ajinsu ba, a ware awa ɗaya ko biyu kullum ga karatu da lissafi. Wanda bai san baƙaƙe ba ya zauna da irinsa, mai haɗa kalma da irinsa, duk wanda ya ƙware a matsa da shi gaba. An gwada ta da Hausa a wasu jihohin Arewa, ciki har da Borno. Ba ta buƙatar sabon gini, kuma ita ce amsar da ta fi kusa ga dubban yaran da suka riga suka wuce aji uku hannu wofi.

A matakin gari akwai kwamitocin kula da makarantu, waɗanda suka haɗa mai unguwa ko dagaci, liman, iyaye maza da mata, hedimasta da wakilin tsofaffin ɗalibai. Inda kwamiti ke da rai, shi ke lura da malamin da bai zo ba, ya bi gida gida neman yaran da suka daina zuwa, ya tara kuɗin gyaran rufin da iska ta kware. Maganar hakimi ko dagaci a kan sa yara makaranta tana da nauyin da takardar ofis ba ta da shi. Abin da ke rage wa kwamitocin ƙarfi shi ne cewa masu faɗa a ji na gari, har da manyan ma'aikatan ilimi da malamai da yawa, sun kwashe 'ya'yansu zuwa makarantun kuɗi da Islamiyyu masu haɗa boko, waɗanda suka yawaita a Azare. Babu laifi ga uban da ya nema wa ɗansa mafita. Amma makarantar da ba ɗan kowa a cikinta sai ɗan wanda ba shi da murya, ba ta da mai buga tebur a madadinta.

Akwai kuma batun da zai iya sauya lissafin duka, wato wanda zai riƙe albashin malamin firamare. Daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, ta asusun haɗin gwiwa da jiha ke kula da shi. A ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Masu goyon baya suna ganin hakan zai sa shugaban ƙaramar hukumar Katagum ko Zaki ya zama wanda jama'a za su tuhuma kai tsaye idan makaranta ba malami. Ƙungiyar malamai ta NUT kuwa ta daɗe tana adawa da a damƙa albashin firamare a hannun ƙananan hukumomi, tana tuna abin da ya faru bayan 1991, lokacin da aka rusa hukumar ilimin firamare ta ƙasa aka miƙa musu nauyin, malamai suka yi watanni ba albashi har aka maido da hukumar a 1993. A ƙananan hukumomin da albashin malamai ke cin babban ɓangare na kasonsu, yadda aka warware wannan batu shi zai nuna ko za a iya ɗaukar sababbin malamai a tura su ƙauyukan Gamawa, Shira da Itas/Gadau, da kuma wanda zai amsa tambaya idan ba a tura ba.